Rasuwar Norris Dugdale, Mai Murza Ƙwallo na Birkmoor

Cikin alhini da miƙa lamari ga Ubangiji, Ƙungiyar Wasan Kurket ta Birkmoor, a madadin Mai Girma Shugabarta, Dokta Beryl Crowther, da Kwamitin Amintattu, da Kwamitin Gudanarwa, da kyaftin-kyaftin na rukuninmu na ɗaya da na biyu da na mata, da ɗaukacin 'yan wasa da magoya baya na kusa da na nesa, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar Uban Ƙungiya, tsohon Kyaftin, tsohon Mai Horarwa, kuma tsohon ɗan wasan Gunduma, Dattijo Norris Dugdale, wanda Allah Ya yi wa cikawa da safiyar Talata, 11 ga watan Yuni, 2024, a gidansa da ke Layin Masaƙa, yana da shekara tamanin da shida a duniya. Mai ɗakinsa, Uwargida Edna Dugdale, ita ce ta sanar da mu da bakinta, ta kuma shaida mana cewa ya gama karin kumallonsa tsaf, ya shanye shayinsa, ya zauna a kujerarsa yana jiran ta miƙo masa jarida, kafin ta juyo rai ya yi halinsa.

Marigayin ya bar mai ɗakinsa, wadda suka shafe shekara sittin da biyu tare, da 'ya'ya biyu, Uwargida Gillian Hart da Mista Martin Dugdale, da jikoki biyar da tattaɓa-kunne uku. Ya kuma bar wannan ƙungiya da ya yi wa hidima shekara saba'in, tun daga ranar da ya fara shiga fili da farin wandon aro.

Kwamitin Gudanarwa ya lura cewa mafi yawan waɗanda suka san Marigayin a yau da furfura suka san shi, yana zaune a bencinsa na gefen rafi yana yi wa kowa gyara, ba su riski saurayin da ya ɗauki sunan wannan ƙaramin gari ya kai shi manyan filayen ƙasar nan ba. Saboda haka Kwamiti ya umarci ofishina da in rubuta abin da muka sani game da waɗannan shekaru, kamar yadda yake a littattafan wasanninmu, da yadda muka ji daga bakin Uwargida Edna, da kuma daga yayansa, Marigayi Ambrose Dugdale, lokacin yana raye.

An haifi Marigayin a nan Birkmoor a shekarar 1938, ɗa na biyu ga Herbert da Alice Dugdale, waɗanda dukansu ma'aikatan masaƙar ulu ne. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya bi sahunsu, aka sa shi a sashen ƙulla zaren da ya tsinke, aikin da ya ƙarfafa masa yatsu, ƙarar injuna kuma ta kashe masa kunnen hagu, abin da ya sa daga baya, da aka kira shi aikin soja, likita ya sallame shi. Kamar kowane saurayi a kwarin nan, burinsa ya zama mai jifan gudu, irin wanda ke tahowa a guje daga nesa ya saki ƙwallo kamar harsashi. Sai dai Allah bai ba shi jikin ba. Siriri ne, gajere, kuma yayansa Ambrose, wanda ke tsaron bayan turaku a rukuninmu na ɗaya, bai ɓoye masa ba.

“Norris,” in ji shi, “wannan jifan gudun naka ko kaza ba zai kora ba. Ka nemi wata hanyar tun kafin ka kunyata gidanmu.”

Hanyar da ya samo ita ce ta yi masa suna. Yakan matse ƙwallo tsakanin yatsu, ya murza ta yayin saki, ta tashi sama a hankali kamar ba za ta iso ba, in ta taɓa ƙasa kuma ta karkace ta bi inda mai bugu bai zata ba, ta wuce sandarsa ta sami turakun nan uku da yake karewa.

Littafinmu ya nuna cewa ya fara buga wa rukuni na ɗaya wasa ranar Asabar, 14 ga watan Agusta, 1954, yana ɗan shekara goma sha shida, a karawarmu da maƙwabtanmu na Stainbridge, waɗanda kowa ya san abin da ke tsakaninmu da su tun zamanin kakanni. Babban mai bugunsu a lokacin shi ne Walter Fawthrop, mahaucin garinsu, ƙaton mutum mai muryar da ake ji daga tsallaken kwari. Da ya ga wanda aka miƙa wa ƙwallo, sai ya waiwayi Ambrose a bayansa.

“Ambrose, wannan ƙaninka ne, ko jakar kayanka ce ta yi ƙafa? Ku mayar da shi gida kafin uwarsa ta fito nemansa.”

Jifa uku na farko duk Walter ya doke su, a cikin rafin da ke bayan filinmu suka ƙare. Kowane ɗaya sai an tsaya an tsamo ƙwallo da raga, an goge ta, mutanen Stainbridge suna ta shewa. Bayan na uku ne aka jiyo muryar wata yarinya daga cikin 'yan kallo, tar da ita.

“Kai, mai wandon aro! Ka riƙa jefawa a rafin kai tsaye mana, ka hutar da babana!”

Ambrose ya ce ya ga idon ƙanin nasa ya ciko, ya kuma ga yana shirin ƙara sauri don ya rufa wa kansa asiri. Sai ya tako daga bayan turaku ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa magana a kunnen dama.

“Kada ka ƙara gudu. Ƙara mata sama. Mutumin nan ya riga ya ƙoshi, yanzu kwaɗayi ne ke jan sa.”

Jifa na huɗu ya tashi har sai da Walter Fawthrop ya ɗaga kai. Ya tako gaba da niyyar ya aika da ita har garinsu, ƙwallo ta sauka taku guda kafin inda yake jiran ta, ta karkace ta shige tsakanin sandarsa da ƙafarsa, turken tsakiya ya kwanta, aka fitar da shi daga wasa. A ranar Marigayin ya fitar da masu bugu biyar, Birkmoor ta ci wasa da ratar maki goma sha ɗaya. Da aka zauna shan shayi, yaron da ba ya iya haɗa ido da kowa ya ɗauki kofi ya ratsa jama'a har gaban yarinyar nan, ya miƙa mata, ya ce, “Babanki ya huta yanzu.” Yarinyar ita ce Edna Fawthrop, wadda muke yi wa ta'aziyya a yau, kuma ta tabbatar mana cewa ta karɓi shayin ne kawai saboda tana jin ƙishirwa.

Shekara uku yana yi mana jifa kafin labarinsa ya kai kunnen Ƙungiyar Gunduma. An gwada shi a 1957, aka ɗauke shi a 1958, ya yi shekara guda a rukuninsu na biyu, sannan aka sa shi cikin manya. A kakar 1960 ya fitar da masu bugu sittin da biyu, jaridun birni suka fara buga hotonsa, mahaifiyarsa tana yankewa tana liƙawa a bangon kicin. Tsofaffin garin nan suna tuna yadda ake aika wani ofishin gidan waya da tsakar rana ya jiyo yadda wasa ke tafiya, a rubuta da alli a ƙofar masaƙa, har manajoji su fito su leƙa.

Kwamiti ba zai ɓoye shekarar da ta yi masa wuya ba, domin shi kansa bai taɓa ɓoye ta ba. A 1961 Gunduma ta naɗa sabon Kyaftin, Mista Rupert Calthorne, ɗan manyan gida, mutum mai gaskiya da tsari, wanda ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansa. A wancan zamani irin su Mista Calthorne ɗakin sauya kayansu daban yake da na 'yan wasan da kurket ne abincinsu, kuma da sunan dangi kawai suke kiran su. Ba abin da Kyaftin ɗin ya tsana kamar a riƙa ba abokan karawa maki a banza, jifan Marigayin kuwa sai an bari an doke shi sau biyu ko uku kafin ya kama mutum. Sai ya umarce shi ya daina ɗaga ƙwallo sama, ya riƙa jefa ta ƙasa-ƙasa da sauri. Marigayin ya bi umarni. Ba a dukansa sosai, amma kuma ba ya fitar da kowa. Ƙwallo ta daina karkacewa, ya riƙa matse ta da ƙarfin tsiya har fatar yatsansa manuni ta tsage. A watan Yuli aka cire shi daga rukunin manya, aka ce ya koma gida ya huta, aka kuma sanar da shi cewa a ƙarshen kaka za a yanke shawara ko za a ci gaba da shi ko za a sallame shi.

Ya dawo Birkmoor yana ɗan shekara ashirin da uku, yana bin bayan gidaje don kada ya haɗu da mutane. An riga an sa ranar aurensa da Edna a bazara mai zuwa, kuma Walter Fawthrop, wanda ke shirin zama surukinsa, ya yi masa tayin da ba na raini ba ne.

“Zo shago in koya maka yankan nama. Yatsunka suna da ƙarfi, nama kuma ba ya rama duka.”

Saura kaɗan ya karɓa. Ambrose ne ya riƙa jan sa zuwa filinmu kullum da yamma bayan an tashi daga masaƙa, shi yana jifa, yayan yana cafewa. Mahaifiyarsu kuma ta ware masa kwalba guda ta ruwan gishirin da take jiƙa albasa, ta ce ya riƙa tsoma yatsan safe da yamma har fatar ta yi kanta. Ambrose ya ce a wannan wata duk inda ƙaninsa ya wuce sai an san ya wuce saboda warin albasa. Wata rana Edna ta hau kekenta ta tsallako kwari, ta jingine shi a jikin katanga, ta tsaya tana kallo har ya yi jifa wajen ashirin. Sannan ta yi magana.

“Wane ne wannan?”

“Wane ne wa?” in ji Norris.

“Mai jifan nan. Ni dai ban san shi ba. Wanda na sani ya sha duka uku a rafi, ya sake ɗaga ƙwallo sama. Wannan kuwa jifan matsoraci yake yi.”

“Edna, umarnin Kyaftin ne. In na saɓa, korata za su yi.”

“To yanzu da ka bi, riƙe ka suka yi? In dai korar ce, gara a kore ka a kan jifanka da a kore ka a kan na wani. Kuma ka sani, ba na auren mahauci. Guda ɗaya a gida ya ishe ni.”

Ambrose ya ce shi dai ya durƙusa a bayan turaku ya buɗe hannu. Jifan da ya biyo baya ya tashi sama, ya sauka, ya karkace har shi kansa ya kasa cafewa.

A farkon Satumba, ana saura wasa ɗaya kaka ta ƙare, mai murza ƙwallon da ya maye gurbinsa ya kwanta da zazzaɓi, aka aiko Marigayin ya same su a filin Saltcliffe na bakin teku. Wasan kwana uku ne. Kwana biyun farko da ƙyar aka ba shi ƙwallo. A rana ta ƙarshe Ambrose da Edna suka nemi hutu suka hau bas, Walter Fawthrop kuma ya rufe shagonsa a ranar aiki, abin da bai taɓa yi ba, ya ce shi shan iskar teku zai je. Abokan karawa, wata gunduma daga kudu, suna neman maki ɗari da casa'in su ci wasa, namu kuma suna neman fitar da masu bugunsu goma kafin ƙarfe shida. Lokacin da aka tashi shan shayi baƙin sun tara ɗari da ashirin da ɗaya, uku kacal aka fitar. Masu jifan gudu sun gaji liƙis, ɗayansu ma yana ɗingishi. Da aka komo fili Mista Calthorne ya duba hagu da dama, bai ga wani ba, ya cilla wa Marigayin ƙwallo.

“Dugdale, ƙasa-ƙasa. Ka riƙe su har shida, mu tashi canjaras.”

Marigayin ya gaya mini da bakinsa cewa har ya fara takowa bai san wane jifa zai yi ba. Ƙwallo ta tashi sama. Mai bugun ya tare ta da dukan ƙarfinsa, ta haye kan 'yan kallo ta faɗa kan rumfar masu sayar da shayi. Sai ga muryar Walter Fawthrop kamar ta bijimi daga bencin talakawa.

“Haka ya yi mini! Ku ƙyale yaron nan, tarko ne! Ni ne shaida!”

Mista Calthorne ya tako a fusace daga inda yake tsaye.

“Dugdale, me na ce maka?”

“Ranka ya daɗe, ta hagu ka tsaya. Wannan kunnen tun ina yaro ya mutu.”

“To ga ni ta dama. Na ce ƙasa-ƙasa.”

“Na ji yanzu, ranka ya daɗe. Amma ina roƙon arziki. Ka bar mini jifa goma sha biyu irin nawa. In ban fitar da kowa ba, ba sai kun kore ni ba, da ƙafata zan tafi tasha.”

Kyaftin ɗin ya ce, “Goma sha biyu,” ya juya, ya kuma matso da mutum biyu kusa da mai bugu don su cafe abin da zai tashi, wanda ya nuna cewa in ya ba da dama da gaske yake bayarwa.

Bai buƙaci goma sha biyun ba. A jifa na huɗu mai bugun nan ya sake kai duka, ƙwallo ta karkace ta goge gefen sandarsa ta faɗa hannun ɗaya daga cikin mutanen da aka matso da su. A na tara wani ya bi shi. Daga nan ba wanda ya sake maganar ƙidaya. Sun ci gaba da dukansa, shi kuma ya ci gaba da ɗagawa, suna fita ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe biyar da rabi yatsan ya sake tsagewa duk da ruwan albasa, jini ya ɓata masa wando. Alƙalin wasa ya karɓi ƙwallo ya juya ta, ya ce, “Yaro, jininka ne a jiki.” Marigayin ya ce, “Ai dama ja ce, ranka ya daɗe, ba wanda zai gane.” Alƙalin ya mayar masa.

Saura minti biyar shida ta buga, baƙi suna neman maki huɗu, mutum ɗaya ya rage a fitar. Duka guda mai kyau ya isa ya ƙare wasan, ya kuma ƙare zaman Marigayin a Gunduma. Uwargida Edna ta ce ta rufe idonta da hannu, mahaifinta ya janye mata hannun ya ce, “Ke kika zuga shi, sai ki kalla.” Jifan da ya yi ya fi duk na ranar tashi. Mai bugun ƙarshe ya kasa haƙuri, ya baro layinsa ya taho ya tarye ta, ta sauka gabansa ta kauce, mai tsaron baya ya cafe ya doke turaku kafin mai bugun ya komo layinsa. Gunduma ta ci wasa da ratar maki uku. Marigayin ya fitar da duk bakwai ɗin da suka rage, a kan maki arba'in da ɗaya.

A kan matakalar ɗakin 'yan wasa, a gaban jama'a, Mista Calthorne ya tsayar da shi. Hular Gunduma ba a ba ɗan wasa ita sai an tabbatar ya zama ɗan gida, kuma da yake ba wanda ya yi tsammani, ba a zo da sabuwa ba. Sai Kyaftin ya cire tasa ya ɗora masa.

“Ni ne na yi kuskure, Norris,” in ji shi, kuma ranar ce ta farko da ya kira shi da sunansa.

Hular ta yi masa yawa, ta zurmo har ta rufe masa kunnuwa. Edna ta kutsa ta iso wurinsa tana dariya tana hawaye, ta ce, “Shi ke nan, yanzu ɗayan kunnen ma an toshe. Wa zai ƙara gaya maka magana ka ji?” An ɗaura aurensu a watan Afrilu na 1962, kuma a wurin liyafa Walter Fawthrop ya miƙe ya ce ya ba da 'yarsa da zuciya ɗaya, amma yana so a rubuta cewa ƙwallon nan ta 1954 iska ce ta kaɗa ta.

Marigayin ya ci gaba da yi wa Gunduma wasa har zuwa 1965, inda ya buga wasanni ɗari da goma sha biyu, ya fitar da masu bugu ɗari uku da arba'in da ɗaya, kafin gaɓar yatsan nan ta kumbura likitoci su ce ba za ta ƙara ɗaukar wasan kwana uku ba. Ba a taɓa kiran sa ƙungiyar ƙasa ba, kuma duk wanda ya nuna masa tausayi a kan haka amsarsa ɗaya ce: “Ingila ba ta neme ni ba, ni ma ban neme ta ba, ba wanda ke bin wani gaisuwa.” Yana ɗan shekara ashirin da bakwai ya dawo mana, ya koya wa yatsansa na tsakiya aikin da manuni ya ajiye, ya yi mana wasa har ya kai shekara hamsin da takwas. Ya riƙe muƙamin Kyaftin shekara tara, ya ɗauko mana Kofin Kwari sau uku, ya yi Mai Horarwa shekara ashirin da shida, shi ne kuma ya tsaya tsayin daka har aka kafa rukuninmu na mata a 1994, lokacin da wasu a cikin Kwamiti suke ja da baya. Ni mai sanya hannu a wannan takarda na fara tsayawa a gabansa da sanda a 1979, ina ji da ƙuruciya, ya kwantar mini da turaku sau uku a jere, sannan ya tambaye ni ko na iya rubutu, domin ƙungiya tana neman mai taimaka wa sakatare. Da haka na sami wannan kujera.

A madadin Mai Girma Shugaba da dukan 'ya'yan wannan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida Edna Dugdale, da Uwargida Gillian, da Mista Martin, da jikoki da tattaɓa-kunne, da dangin Dugdale da na Fawthrop baki ɗaya. Muna roƙon Allah Maɗaukaki Ya ba su haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya sanyaya musu zuciya, Ya tsaya musu a kwanakin da gidan zai yi musu faɗi, Ya kuma saka wa Uwargida Edna da alheri bisa ɗawainiyar shekara sittin da biyu. Muna godiya ga Ƙungiyar Gunduma da sauran ƙungiyoyin kwarin nan bisa saƙonnin da suke ta aiko mana.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, 21 ga watan Yuni, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a Majami'ar St. Oswald, ƙarƙashin jagorancin Rabaran Helen Ashworth, daga nan a taru a ɗakin ƙungiya don shan shayi. Tutarmu za ta kasance a rabin sanda har zuwa ranar, kuma an ajiye littafin ta'aziyya a bakin ƙofa ga duk mai son rubuta wani abu. Kwamiti ya je gida ya nemi izinin ɗage wasan Asabar mai zuwa, Uwargida Edna ta ce in muka kuskura muka ɗage to kada mu zo mata jana'iza. Saboda haka za a fara wasa da ƙarfe ɗaya na rana kamar yadda aka tsara, bayan tsayuwar shiru ta minti ɗaya.

Daga ƙarshe, akwai amanar da ke wuyana. Ranar Asabar da ta wuce, kwana uku kafin rasuwarsa, rana ta fito sosai, rukuninmu na ɗaya yana kan hanyar cin wasa, na kai masa shayi a bencinsa. Ya karɓa, ya ce in zauna.

“Desmond, har yanzu kai ne mai rubuta takardun nan in mutum ya tafi, ko?”

“Ni ne, Baba Norris, amma taka da sauran lokaci.”

“Ban ce gobe ba. Na karanta wadda ka rubuta wa Ambrose. Ka mai da shi waliyyi, mutumin da ya shekara talatin yana zagin alƙalan wasa. In tawa ta zo, ka jera muƙaman duka, Edna tana son su. Amma kada ka sa mutane su tafi gida suna cewa wayyo. Ka rubuta musu cewa na ji daɗi. Duka ɗin, har da ranakun da aka doke ni. Na ji daɗina ƙwarai.”

Ya kurɓi shayin, ya mai da ido fili, ya ɗaga murya yana gaya wa kyaftinmu cewa ya ajiye mutum a inda ba amfani.

Na gabatar da wannan saƙo ga Kwamitin Gudanarwa a zamansa na gaggawa, kuma Kwamiti ya amince, ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba, a sanar da iyalinsa da jama'a baki ɗaya, a kuma shigar da shi cikin littafin ƙungiya kamar yadda ya faɗa: Norris Dugdale ya ji daɗi. Mu ma da muka zauna da shi mun ji. Allah Ya ji ƙansa, Ya ba shi hutawa.

Sa hannu:

Desmond Whitwam
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Ƙungiyar Wasan Kurket ta Birkmoor
A madadin Mai Girma Shugaba da Kwamitin Gudanarwa
Alhamis, 13 ga watan Yuni, 2024